Rabin Katin Maganin Marta

Tudun Ɗinya, ta Tsanyawa,
23 ga Yuli, 2023.

Zuwa ga Yayata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya jikin Inna? Ƙafar tana barinta ta taka kuwa? Ki gaishe ta da kyau, amma kada ki karanta mata takardar nan. In kin gama ki naɗe ki tura ƙarƙashin kayanki.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san gidan nan, sabis ba ya kamawa sai mutum ya tsaya jikin danga, bayan dangar kuwa tsakar gidan maƙwabciyata Marta ce. Abin da zan faɗa miki ba na jikin danga ba ne. Shi ya sa na nemo biro, zan ba direban motar Tsanyawa ya ajiye miki a Bacirawa.

Na gode da zuwan da kika yi asibiti duba Sama'iluna. Na san ubansa Malam ya ce miki shawara ce ta kama shi. Malam ke nan, ko gida na ci da wuta zai ce ɗan hayaƙi ne. Ga yadda aka yi.

Ranar Asabar ta makon jiya aka yi gayyar maimai a gonarmu. Ruwan tulu ya ƙare, samari suka sha na kududdufi. Washegari gudawa ta kama mutum biyu, Sama'ilu da Abdulkabir ɗan ƙanin Malam. Marta ta jiyo ni ina salati, sai ga ta da katin magani, wasu ƙwayoyi rawaya, wai ragowar wanda ta saya wa mijinta Shago ne a kemis lokacin da ya yi irin ciwon. Ta karɓi almakashina ta raba katin gida biyu, ta ba kowa rabi. Na yi mata godiya har bakin ƙofa, Yaya. Wannan godiyar tana cikin abin da ke ci mini rai yanzu.

Ranar Talata Abdulkabir ya saɓa fartanya ya koma gona. Shi ma Sama'ilu gudawar ta tsaya, amma ranar Laraba ya tashi idanunsa kamar an shafa musu gangamau, tafin hannunsa fari fat. Kunya ta hana shi gaya mini, sai ubansa ya nuna wa fitsarinsa, baƙi kamar zoɓon da ya daɗe a wuta. Ranar Alhamis ya miƙe zai je alwala ya faɗi a gindin rumbu. Yaron da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai, sai da mutum uku suka ɗauke shi. Likita ya ce jininsa ya kusa ƙarewa, leda biyu aka ƙara masa.

To ki tsaya mu yi tunani. 'Ya'yan wa da ƙani ne, jininsu ɗaya. Tuwo ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha, ciwo ɗaya ya kama su, kati ɗaya aka yanka musu. Yaya za a yi ɗaya ya koma gona ɗaya ya tafi bakin kabari? In maganin ne ba shi da kyau ai da dukansu sun kwanta, da Shago ma. Ke nan ba katin ba ne, rabin ne. Kuma na tuna sarai, rabin Abdulkabir ta miƙa masa nan take, na Sama'ilu kuwa ta riƙe shi a hannu tana ta hira, sai da za ta fita ta ba shi.

Kin san ɗorawar nan da ke kan iyakar gonarmu da tasu, wadda Marta ke ɗiban kalwarta tana yin daddawar sayarwa. Da bazara Sama'ilu ya auna da igiya ya ce itacen a gonar ubansa yake, har ya ɗaga wa Shago murya. Na yi masa faɗa a lokacin. Marta ta yi dariya ta ce Allah ya ba shi tsawon rai ya ci 'ya'yan ɗorawar. A da na ɗauka addu'a ce. Yanzu maganar tana dawo mini ina juya ta, kuma ba ta yi mini daɗi ta kowane gefe.

Ban gaya wa kowa ba. Ƙwaya biyu sun rage a rabin nasa, na sa a gwangwani na ɓoye. Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Aina'u.

Tudun Ɗinya,
8 ga Agusta, 2023.

Yaya Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Yaya ruwa a wajenku? Nan dai alhamdu lillahi, gero ya fara fitar da kai. A gaida Inna da Alhaji.

An sallamo Sama'ilu. Yana cin abinci, yana fita zaure, sai dai in ya yi taku ashirin ya nemi wurin zama. Na gode wa Allah da ya bar mini shi.

Ranar sallamar likita ya ce a kira uwar yaro. Wani matashi ne, gemu ma bai gama fito masa ba. Na zauna ina jira ya tambayi dangin Malam, tunda yaro ɗan gidansu ne, sunansu yake amsawa. Ko sau ɗaya bai tambaya ba. Danginmu ya sa a gaba. Wai ina da 'yan'uwa maza? Akwai wanda ya taɓa shan magani idonsa ya yi rawaya? 'Ya'yan yayyena mata fa? Na ce masa mu ba mu da sikila, ba mu da farfaɗiya, gidanmu gidan lafiya ne. Ya ce ba sikila yake nufi ba. Wai akwai mutanen da ake haifa jininsu bai jituwa da wasu magunguna, lafiyarsu ƙalau har ranar da suka sha irin maganin, sai ƙwayoyin jinin su yi ta fashewa. Wai kuma ɗa namiji ta wajen uwa yake gadon abin, shi ya sa Abdulkabir ya tsira, don uwarsa daban.

Kin ji fa! An ba ɗana abu ya sha, an tashi neman mai laifi an zagayo kaina. Na ce to su gwada mana. Ya ce sun gwada, gwajin bai nuna komai ba, amma wai ba a yarda da shi yanzu saboda jinin wasu da aka ƙara masa ya gauraya da nasa, sai mu dawo bayan wata uku. Yaya, ke ce kika yi koyarwa shekara talatin, ki gaya mini. Gwaji ya ce babu, sai a jira har ya gaji ya ce akwai? Ban manta ba kuma Marta ta taɓa aikin shara a ɗakin shan magani, ta san masu fararen kaya, su ma sun san ta.

Yanzu ga abin da na yi, gara ki ji daga bakina. Kwana biyu da dawowarsa Marta ta miƙo kwano ta kan danga kamar yadda muka saba, kwaɗon zogale ne da ƙuli, wai yana ƙara jini. Na karɓa. Na tsaya da shi a hannu. Sai na yafa mayafi, na zagaya ta waje, na same ta a gindin tsamiya inda mata ke sussuka. Na ajiye kwanon a gabanta a rufe yadda ya zo, na ce mun ƙoshi da abin hannunta, wanda muka ci ma bai gama sakinmu ba. Taɓare suka tsaya cak. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Aina'u, ni?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Wanda bai yi ba ai rantsuwa zai yi, ya yi kuka, ya tara mutane. Ita ta ɗauki kwanonta ta shige gida.

Ba zan ɓoye miki ba, da na dawo na yi kuka. Shekara ashirin da biyu kwano yana tsallake dangar nan, nawa da Sallah, nata da Kirsimeti, da sauran ranakun da babu dalili. Ita ta karɓi haihuwar Sama'ilu, ita ta yanke masa cibiya. Shi ya sa abin ya fi ciwo. Da baƙo ne ya kawo magani ai da ban bari ya sha ba.

Malam ya yi mini faɗa ya ce ba ni da shaida. Na ce shaidata tana zaune a zaure tana haki.

Taki,
Aina'u.

Tudun Ɗinya,
17 ga Satumba, 2023.

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta har sau uku. Ina fata kuna lafiya. Mu muna cikin girbin gero, hannu duk ƙaiƙayi.

Kin wanke ni tas, na gode. Wai na shafa wa baiwar Allah kashin kaji, wai halin Inna na ɗauko. Daɗin zama a Bacirawa ke nan, mutum ya yi hukunci daga kan kujera.

Kin kuma tono maganar ɗan'uwanmu Yaya Jamil. Ina shekara shida ya rasu, abin da na sani shi ne abin da Inna ta faɗa mana: ya yi zazzaɓi, Gwaggo Tahira ƙanwar Baba ta karɓo magani ta ba shi, kwana huɗu ya cika. Inna ta ce baƙin ciki ne don ita ba ta haihu ba, Gwaggo ta tattara kayanta ta koma Gezawa, ba mu sake taka gidanta ba. To wannan ai ni kika kawo wa shaida. An yi wa Inna, ga shi an zo yi mini.

Sai dai abu ɗaya a takardar ya tsaya mini a rai. Kin ce ke kika wanke zanen shimfiɗarsa, fitsarinsa baƙi ne, idanunsa rawaya. Wannan ban taɓa ji ba. Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba? Ko da yake irin wannan aikin ai kamanninsa ɗaya ko a hannun wa ya fito.

Na kai ƙwayoyin nan biyu wani kemis a Tsanyawa, ba wanda ta saya a wurinsa ba. Ya juya su ya ce maganin gudawa ne na kowa da kowa, sai dai tsohon yayi ne. Na ce abin da aka tofa ai ido ba ya gani.

Kin tambayi halin da Marta ke ciki. Daddawarta ba ta fita. Ranar kasuwa takan dawo da faifanta yadda ta tafi da shi. Matar da ta haihu makon jiya har ƙauyen gaba aka je ɗauko mata ungozoma, ga Marta a bayan gida. Ni ban ce kowa ya yi haka ba, maganata ɗaya na yi. An ce Shago yana neman mai sayen gonarsa, in an yanke dawa za su koma wajen danginsa. Malam ya daina yi mini hira, sai gaisuwa. Shi kuma Sama'ilun da nake yi dominsa, jiya na kama shi a jikin danga yana gaishe ta, har da "Inna Marta". Abin da aka ba shi bai sake shi ba ke nan.

Kin ce za ki kai Muhammad Auwal ɗinki a yi masa gwajin. Ki kai shi, a soki yaro da allura a banza. In an dawo ki rubuto mini in yi dariya.

Ƙanwarki ko kina fushi,
Aina'u.

Tudun Ɗinya,
26 ga Nuwamba, 2023.

Yayata Sa'adiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan ke da Alhaji da yara kuna lafiya. Yaya Inna? Ki yafe mini shirun da na yi. Takardarki ta zo tun watan jiya, kunya ce ta riƙe mini hannu.

Da na karanta cewa an sami abin a jinin Muhammad Auwal, sai na zauna a bakin murhu har tuwo ya kama. Yaron da aka haifa a birni, bai taɓa shan ruwan garin nan ba, Marta ko a hanya ba ta san fuskarsa ba. Duk da haka na ce sai na ga na Sama'ilu. Ranar Litinin muka koma asibiti, wata uku sun cika har da ɗori. An same shi, Yaya.

Likitan nan da na raina ya zaunar da ni ya yi mini bayani ba tare da ya tuna mini maganganuna ba. Ya ce jinin Sama'ilu kamar tukunyar da ba ta gasu sosai ba ce, za ta yi shekaru tana riƙe ruwa lafiya, ranar da aka ɗora ta a wuta mai ƙarfi ta tsage. Maganin da ya warkar da Shago da Abdulkabir, shi ne wutar a wajen Sama'ilu. Ya ce masu irin jinin suna da yawa a ƙasar nan, akasarinsu ba su sani ba. Ya ba shi ɗan kati an rubuta G6PD da sunayen magungunan da ba zai sha ba, ya ce ya nuna shi duk inda za a ba shi magani, ko kafur na cikin akwatin kaya ya guje shi. Ya ce kuskurenmu ɗaya ne, raba ragowar maganin wani, kuma wannan kowane gida ana yi. Ni kaina sau nawa na miƙa wa Marta ragowar nawa ta kan danga?

Ni da ke mun ɗauka jini na uba ne, don haka na ce yaran nan jininsu ɗaya. Ashe abin ta hannun mata yake bi yana sauka a kan 'ya'ya maza. Ba a tafin hannun Marta yake ba, a cikina Sama'ilu ya ɗauko shi tun kafin ta yanke masa cibiya.

Na gaya wa likitan labarin Yaya Jamil. Ya ce ba zai yi rantsuwa a kan wanda ya rasu shekara arba'in ba, amma alamun su ne, kuma in haka ne daga wajen Inna ya samu. Tun daga asibiti har Tsanyawa Gwaggo Tahira nake gani. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, ko gaisuwar mutuwa ba wanda ya je a cikinmu. Ta yi shekara talatin da shida da sunan ta kashe ɗan wanta, alhali asibiti ta je ta bi layi ta karɓo masa magani. Na ce kada ki karanta wa Inna takarduna. Yanzu na janye. Ki zaɓi ranar da jikinta ya yi sauƙi ki karanta mata duka, kada ki tsallake inda na yi rashin hankali. Ba don a ƙona mata rai ba, don ta sa Gwaggo a addu'a tun tana da bakin yi.

Ranar Talata na shiga gidan Marta, ta ƙofa. Ta rame, Yaya. Na durƙusa na faɗi abin da likita ya ce, na nemi gafara. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ba a ɗakinta na ɓata ta ba, in je inda na ajiye kwanon in faɗa. Washegari na je gindin tsamiya ana sussukar dawa, na ce a tsayar da taɓare. Na ɗaga katin Sama'ilu na ce ƙarya na yi wa Marta, abin a jinina yake, ni na ba ɗana. Wasu suka yi salati. Wasu suka kalli juna, na san a ransu suna cewa an rufe mini baki ne. Ranar da na yi ƙazafin ba wadda ta nemi shaida, yau da na zo da takardar likita ana ta juya ta ana duba bayanta.

Sama'ilu ya je ya sami Shago ya ce ɗorawa tasu ce, ya yafe igiyarsa. Shago ya ce ya riga ya yi magana da mai sayen gona, zai yi tunani. Har yau ban san ko za su zauna ba.

Ranar Juma'a na yi dambun zogale, na zuba a kwanon nan nawa mai murfi shuɗi, na miƙa ta kan danga na kira sunanta. Na daɗe hannuna a sama kafin a karɓa. Na wuni ina jiran a dawo mini da shi a rufe, don abin da na cancanta ke nan. Jiya da hantsi na gan shi a kan dangar. Na buɗe, an wanke shi tas, babu komai a ciki. Shekara ashirin da biyu Marta ba ta taɓa maido mini da kwano ba tare da ko ƙwallon daddawa ɗaya ba. Na tsaya da shi a hannu ina hawaye, sai kuma na lura da ɗaya gefen. Ta ci, Yaya. Matar da na ce ta sa wa ɗana guba ta buɗe abincin hannuna ta ci.

Gobe zan sake miƙawa, jibi ma haka, har ranar da za su tashi ko su fasa.

Ki gaida Inna, ki riƙe mata hannu in kina karantawa.

Ƙanwarki,
Aina'u.